Da'irar da Babu Mutum a Cikinta: Sharhi kan Yadda Ake Koyar da Zagayen Naitirojin

1.0 Gabatarwa

A cikin aikin da muke gudanarwa na tantance darussan kimiyya waɗanda suka cancanci shiga littattafan karatun Hausa na sakandare, a matsayin matanin auna fahimta da na fassara, mun daɗe a kan darasi guda fiye da yadda muka yi niyya. Darasin shi ne zagayen sinadarin naitirojin. Da wuya a sami littafin kimiyya, ko na nazarin halittu, ko na aikin gona, wanda bai ware masa shafi ba, kuma da wuya a sami ɗalibin da ya gama sakandare bai taɓa zana shi ba. Amma da muka tambayi kanmu abin da ɗalibi yake fita da shi daga darasin, wanda zai amfane shi a gonar mahaifinsa ko a bakin rijiyar gidansu, sai muka rasa amsa mai gamsarwa. Wannan sharhi ƙoƙari ne na gano inda gizo ke saƙar, kafin mu ɗauki darasin yadda yake mu juya shi zuwa Hausa, mu juyo da gurguntakarsa tare da shi.

Akwai dalilin da ya sa batun ya shafi malamin Hausa kai tsaye. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan tanadi zuwa shekaru shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da janye shi. Ko ina aka kwana a wannan taƙaddama, darasin Hausa kansa shi ne wurin da aka tabbata ɗalibi zai karanta bayanin kimiyya cikin harshen da yake tunani da shi. Matanin da muka zaɓa masa, ke nan, ba abin wasa ba ne.

2.0 Hoton da Kowa ya Sani

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a ajin kimiyya ya san hoton. A sama akwai gajimare da walƙiya. A tsakiya akwai tsiro da saniya, wadda sau da yawa ba ta da tozo, alamar daga inda aka kwafo ta. A ƙasa kuma akwatuna ne ɗauke da sunayen sinadarai, kibau suna fita daga wannan zuwa wancan har su koma inda suka faro.

Ya kamata mu yi wa hoton adalci: abin da ya faɗa gaskiya ne. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro da dabba ba su iya amfani da shi a wannan siffa. Sai wasu bakteriya, musamman masu zama a saiwar wake da gyaɗa da danginsu, sun kama shi sun mayar da shi amoniya. Walƙiya ma takan yi kaɗan daga wannan aiki. Wasu bakteriyar su juya amoniya zuwa naitirayit, daga nan zuwa naitiret, wanda saiwa ke zuƙa. Tsiro ya gina furotin da shi, dabba ta ci tsiro, kashi da fitsari da mushe su ruɓe su mayar da shi ƙasa, sannan wani rukunin bakteriya, a inda ruwa ya kwanta iska ta yi ƙaranci, ya sake shi ya koma sama. A fagen taƙaita dogon bayani a shafi ɗaya, hoton ya yi ƙoƙari, kuma ba mu ba da shawarar a yar da shi ba.

Matsalarsa ita ce shekarunsa. Tsakanin 1886 da 1888 ne Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka tabbatar a Jamus cewa dangin wake suna samun naitirojin daga iska ta hanyar gudajin da ke saiwarsu. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke cikin gudajin, kuma a wajajen 1890 Sergei Winogradsky ya fayyace masu juya amoniya zuwa naitiret. Abin da muke sa yara su haddace, a taƙaice, shi ne inda ilimi ya tsaya a ƙarshen ƙarni na 19. A 1909 Fritz Haber ya nuna cewa ana iya haɗa naitirojin na iska da haidirojin cikin matsi da zafi mai tsanani a sami amoniya, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. Tun daga ranar zagayen ya tashi daga abin da ƙasa da iska suke yi su kaɗai. Masana sun ƙiyasta cewa naitirojin da ɗan Adam yake kamawa a yau, ta masana'antar taki da noman dangin wake da ƙona mai, ya zarce wanda hanyoyin halitta suke kamawa a doron ƙasa, kuma kusan rabin mutanen duniya suna cin abincin da takin zamani ya samar. Wannan kibiya ce mai kauri a zagayen, ita ce kuma wadda ba a zana ba. Inda aka zana ta, a littattafan da muka duba, ƙaramar kibiya ce da aka saƙala a gefe, an rubuta mata kalma ɗaya, babu ko jimlar bayani.

Siffar da'irar ma tana koyar da wani abu a ɓoye. Da'ira rufaffiya tana gaya wa yaro cewa duk abin da ya fita zai dawo, babu asara, babu rara. A ma'aunin duniya gaba ɗaya ana iya faɗin haka. A ma'aunin gona ɗaya kuwa ba gaskiya ba ne. Buhun masarar da aka loda a Dawanau aka kai Legas ya tafi da naitirojin ɗin gonar da ta haife shi, kuma ba zai koma wannan gonar ba. Zai ƙare ne a magudanar birni. Karan da aka ƙone a sharar gona ya bar toka mai ɗan amfani, amma kusan dukkan naitirojin ɗinsa ya bi hayaƙi. Ɗalibin da aka koya wa cewa kome yana komawa mazauninsa ba shi da hanyar fahimtar abin da kakansa yake nufi idan ya ce ƙasa ta gaji.

3.0 Gyaran da Aka Aro

Wasu marubuta na baya-bayan nan sun lura da wannan giɓi, suka ƙara sakin layi a kan illar takin zamani. Niyyar tana da kyau, amma a ganinmu a nan ne kuskure mafi nauyi ya shigo, domin sakin layin aro ne, kuma an aro shi ne daga ƙasashen da cutarsu ba irin tamu ba ce.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na tekun Meksiko, inda kogin Misisifi ke zuba takin da ya kwaso daga gonakin masara na Amurka. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye oksijin ɗin ruwa, kifi ya gudu ko ya mutu. A 2017 faɗin wannan mataccen yanki ya haura murabba'in kilomita 22,000. Misali ne na gaskiya, kuma ya dace ɗalibi ya san shi, kamar yadda ya dace ya san cewa a Holan wata babbar kotu ta yanke hukunci a 2019 wanda ya tilasta wa gwamnati rage naitirojin da ke fita daga gonaki da garken dabbobi, har manoma suka tare hanyoyi da taraktoci. Sai dai idan wannan kaɗai aka gaya wa yaron Gumel ko na Illela, darasin da zai ɗauka shi ne taki guba ne, alhali gonar gidansu yunwar naitirojin ce take kashe ta. Ganyen masara yana yin rawaya tun daga na ƙasa, zangarniya ba ta cika, wuta-wuta tana mamaye dawa, domin ita wannan ciyawa ƙasar da ta talauce take so. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taron taki a Abuja a watan Yuni na 2006, matsakaicin abin da manomin Afirka kudu da Sahara yake zubawa kilo 8 ne na sinadaran taki a kowace hekta. Suka ɗauki alƙawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, kuma mafi yawan ƙasashen ba su cika alƙawarin ba. Wanda yake neman misalin abin da gaggawar yanke taki take haifarwa ya dubi Siri Lanka, wadda ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilu na 2021, noman shinkafa ya faɗi, aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare.

Rashin naitirojin a gona kuma ba ya tsayawa a gona. Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne. Hanyar da ta taso daga saiwar wake ta bi ta ƙosai da alala da ɗanwake ta ƙare ne a tsokar yaro da jininsa. A littattafanmu, darasin abinci mai gina jiki yana babi ɗaya, tamowa da kwashoko suna wani babin, zagayen naitirojin yana na uku, babu jimla ɗaya da ta ɗaure su, alhali labari guda ne.

Gaskiyar halin da muke ciki ta fi sakin layin aro wuyar faɗa, amma ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba: ƙasa ɗaya ce, tana fama da ƙaranci da yawa a lokaci guda. A gonar gero ta jigawa ƙaranci ne. A filayen noman rani, inda tumatir da albasa da shinkafa suke kawo kuɗi kuma manomi yake iya sayen taki, ana iya samun rara. A cikin birni kuwa, inda ba a noma kome, naitirojin ya taru har ya zama annoba. Nijeriya tana da manyan masana'antun yuriya a Onne da Eleme da kuma ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, wadda aka gina domin sarrafa tan miliyan 3 a shekara, kuma ana fitar da yuriya ƙasashen waje, amma ƙaramin manomi yana auna taki da murfin kwalba saboda tsada. Wannan ma darasi ne.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne ilimin da aka tsallake a ƙofar aji. Manomin Hausa ya daɗe yana sarrafa wannan zagaye ba tare da ya san sunansa ba. Yana shuka wake a tsakanin gero da dawa. Yana barin gawo a tsakiyar gona, itacen da masana tsirrai suke lissafawa cikin dangin wake, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki, ya yi ganye da rani dabbobi su fake a inuwarsa su bar kashinsu a nan. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma sun raya miliyoyin hektoci ta hanyar barin kututturan itatuwa su sake tofo, kuma gawo yana cikin waɗanda aka fi tattali. Yana gayyatar Bafulatani ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi. A karkarar da ke kewaye da Kano, wadda Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru babu hutu, domin harawar wake da ta gyaɗa tana tafiya ga awaki da tumaki, takinsu yana komawa gona, jakunan da suka kai itace birni kuma suna dawowa da mangalar juji. Idan ana neman da'irar da za a zana a allo wadda take da mutum a cikinta, ga ta nan, kuma kowane ɗalibi ya taɓa ganin wani yanki nata da idonsa.

Ba muna cewa a mayar da darasin kirarin gargajiya ba ne. Wake ba ya yin abin al'ajabi. Idan aka girbe ƙwayar aka sayar, aka tattara harawa aka loda wa mota zuwa kasuwar dabbobi ta wani gari, abin da ya rage wa gonar kaɗan ne. Bakteriyar saiwa ma ba ta aiki sosai a ƙasar da ta rasa sinadarin fosfaras. Gwajin dogon zango da aka fara a Samaru tun 1950 ya nuna cewa haɗa takin gargajiya da na zamani ya fi riƙe ƙarfin ƙasa, kuma dogaro da takin naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami. Darasi mai gaskiya zai faɗi duka biyun.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da ba mu ga an yi ba. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Buhun NPK mai lamba 15:15:15 yana da kilo 7 da rabi kacal. Idan aka watsa yuriya a saman ƙasa cikin zafi ba a rufe ba, wani kaso nata yana zama amoniya ya bi iska. Idan aka zuba ta gaba ɗaya a ƙasa mai yashi sannan aka yi ruwa mai ƙarfi, naitiret yana zurarewa ƙasa da inda saiwa take kaiwa. A duniya baki ɗaya, abin da shuka take ɗauka daga takin da aka zuba bai kai rabi ba. Yaron da ya fahimci kibau biyun nan ya san dalilin da ya sa ake tona rami a rufe taki, da dalilin raba shi kashi biyu, kuma zai iya ceto wa gidansu kuɗi a daminar da ke tafe.

4.0 Rijiya, Kududdufi da Iska

Ta fuskar lafiyar mutane, abin da muka tarar ya fi ƙaranci. Inda aka ambaci naitiret a ruwan sha, jimla ɗaya ce a kan cutar da take sa jariri ya yi shuɗi. Bayanin daidai ne: a cikin jariri, musamman wanda bai kai wata shida ba, naitiret yana juyewa naitirayit, shi kuma ya hana jini ɗaukar oksijin. Wani likita mai suna Hunter Comly ne ya danganta cutar da ruwan rijiya a jihar Iowa ta Amurka a 1945, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace lita. Amma sunan cutar an raɗa shi ne da farar fata a zuci. Ɗalibar da za ta zama uwa ko ungozoma gobe tana bukatar a gaya mata cewa a jikin jaririnmu leɓe da harshe da dasashi da farce ake dubawa. Tana bukatar sanin cewa jaririn da ke shan nonon uwa zalla ya fi tsira, haɗarin yana ga wanda ake dama wa madara da ruwan rijiya. Sannan akwai abin da ya saɓa wa duk abin da aka koya mata a darasin tsafta, wanda kuma ba mu ga littafi ɗaya ya faɗa ba: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire naitiret, hasali ma yana ƙara masa kauri gwargwadon ruwan da ya ƙone.

Haka kuma, littattafan suna ɗora laifin a kan takin gona kaɗai. A unguwanninmu masu cunkoso babbar hanyar da naitiret yake shiga rijiya ita ce salga da juji da kwata. Inda aka haƙa rijiya taku kaɗan daga masai, na gidan ko na maƙwabta, zagayen naitirojin yana gudana a ƙarƙashin tsakar gida, kuma yawan naitiret a irin wannan ruwa alama ce ta cewa ƙazanta ta sami hanya, abin da ke tafe da kwalara da taifot. Kududdufan cikin gari da suke yin kore shar da gansakuka su ne tekun Meksiko namu a ƙaramin ma'auni. Mai kiwon tarwaɗa da yake canza ruwan tafkinsa, da mai kaji da idonsa yake yaji idan ya shiga akurki, da zarnin da ke tashi a lungu, duk amoniya suke fama da ita, kuma yuriyar da ke cikin fitsari ita ce dai wadda ke cikin buhu.

A nan muna jan kunnen marubuta game da kachala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Akwai sha'awar a kawo ta a matsayin misalin illar taki, tunda ta gida ce. Babban musabbabinta shi ne sauyin kwararar ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wanda ya sa ruwa yake kwanciya duk shekara a inda da yakan ƙafe da rani. Misalin gida da aka karkatar bai fi na aro alheri ba.

Batun iska za mu taƙaita shi. Ƙasar da aka cika wa taki, musamman idan ta jiƙe, tana fitar da iskar naitiros oksaid, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid sau 273 a tsawon shekara 100, bisa rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, kuma tana cin rufin ozon. Hayaƙin mota da na janareta yana ɗauke da wasu iskokin naitirojin masu tayar da asma da tari. Jimla uku sun isa, muddin an haɗa su da darasin sauyin yanayi da ɗalibin ya riga ya karanta.

5.0 Kalmomi

Wannan shi ne fagenmu, kuma a nan ne fassara marar lura za ta iya koyar da kishiyar abin da ake nufi. A cikin gwaje-gwajen fassara da suka zo hannunmu mun tarar da kurakurai uku masu maimaita kansu.

Kalmar Ingilishi da ake kiran aikin bakteriyar saiwa da ita tana da ma'ana biyu, gyarawa da kuma kafewa. Masu fassara sukan ɗauki ta farko su rubuta "gyaran naitirojin", sai ɗalibi ya zaci wani abu ne ya lalace. Abin da ke faruwa shi ne an kama sinadarin da ke yawo a iska an tsayar da shi. Muna ganin "ɗaure naitirojin" ya fi dacewa, kuma yana da fa'idar da Ingilishin ba shi da ita, domin yana ba mu "kwance naitirojin" a matsayin sunan matakin ƙarshe, inda sinadarin yake komawa iska. Yaron da ya taɓa ɗaure akuya a turke ya kwance ta ba zai manta wanne ne wanne ba.

Kuskure na biyu ya fi muni. An saba fassara bakteriya da "ƙwayoyin cuta", saboda ta bakin ma'aikatan lafiya kalmar ta fara shigo mana. Sai ga shi ana rubuta cewa ƙwayoyin cuta ne suke ciyar da wake, kuma idan aka ƙara da kiran gudajin saiwa "ƙuraje", an gama gaya wa ɗalibi cewa waken da ya fi lafiya shi ne marar lafiya. A bar "bakteriya" yadda take, a bayyana ta sau ɗaya a matsayin ƙananan halittun da ido ba ya gani, wasu masu cutarwa, mafi yawa masu amfani. A ajiye "ƙwayoyin cuta" ga masu cutar.

Na uku shi ne naitiret da naitirayit, waɗanda harafi ɗaya ya raba su a Ingilishi, kuma mun ga an rubuta su iri ɗaya a Hausa. Tunda ɗaya abincin tsiro ne, ɗaya kuma shi ne mai hana jini aiki, dole a tsayar da rubutun da zai bambanta su a kunne kamar yadda ya bambanta su a ido. Game da sunan darasin kansa, mun fifita "zagaye" a kan "da'ira", domin da'ira siffa ce a tsaye, zagaye kuwa tafiya ce, kuma mai zagaye yana iya yin ratse ko ya yi asara a hanya.

6.0 Jarrabawa da Aji

Malami yana koyar da abin da za a tambaya. Matuƙar tambayar ita ce a zana zagayen a sa suna, ko a ambaci bakteriyar da take juya naitirayit zuwa naitiret, to hadda za a yi ta yi. Abin lura ma shi ne jerin sunayen da ake haddacewa, Rhizobium da Nitrosomonas da Nitrobacter, bai ƙunshi dukkan labarin ba: a 2005 an tabbatar da cewa wasu ƙananan halittu da ba bakteriya ba suna sarrafa amoniya, a 2015 kuma aka gano bakteriyar da take yin matakan biyu ita kaɗai. Sunaye suna iya ƙaruwa. Abin da ya kamata a auna shi ne ko ɗalibi zai iya bayyana dalilin da ya sa masarar da ta bi waken soya ta fi wadda ta bi masara kyau, ko ya faɗi inda zai haƙa rijiya a gidan da aka zana masa taswirarsa da salga a kusurwa. Irin waɗannan tambayoyi sun dace da auna fahimta da insha'i kamar yadda suka dace da takardar kimiyya.

Za a ce mana malamin Hausa ba masanin kimiyya ba ne, kuma lokacinsa bai ishe shi nahawu da adabi ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, shi ya sa muke ganin bai kamata a bar masa rubuta matanin ba. Aikin masu tsara manhaja ne su zaunar da masanin harshe da malamin aikin gona da ma'aikacin lafiya a tebur ɗaya, su fitar da matani na shafi biyu ko uku tare da jagoran malami. Abin da zai rage wa malamin aji shi ne abin da ya fi kowa iyawa, wato ya sa yara su yi magana, su kawo abin da suka ji daga iyayensu game da gawo da juji da gajiyar ƙasa, a gwada shi da abin da ke cikin matanin.

Gwaji ɗaya ne muke roƙon kada a tsallake, kuma ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. A tono gindin wake ko gyaɗa a hankali da ƙasarsa, a wanke saiwar a bokiti, a tsaga gudaji ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, bakteriya tana ɗaure naitirojin a lokacin. Launin ya fito ne daga wani sinadari ɗan'uwan wanda yake rina jininmu. Idan fari ne ko kore, aikin bai fara ba ko ya ƙare. A tono gero ko masara a ajiye a gefe, yara su nemi gudajin su rasa. Wannan yana nufin jadawalin karatu ya sa darasin a makonnin farko na zangon da ke farawa a Satumba, lokacin da wake yake fure a gona. Makarantar da jadawali ya kai ta rani, ko wadda take tsakiyar birni, ta shuka wake a gwangwanaye da ƙasar da aka ɗebo daga gonar da aka taɓa noma shi, sati biyar ko shida kafin ranar darasin.